Magajin Garin Da Ya Kori Mota, Da Masu Korar Mutane Da Sunansa

Akwai wani labari da ƴan bokonmu masu sana'ar tsara birane ba su gajiya da bayarwa, musamman waɗanda Allah ya nufa da halartar tarurrukan ƙetare. Na ji shi ba sau ɗaya ba, ba sau biyu ba. Ji na baya-bayan nan a wata fada ne a Maraɗi, bayan sallar isha'i, daga bakin wani injiniya mai fara'a da iya zance, wanda ya riƙe kofin shayinsa har ya huce saboda daɗin labarin. Labarin wani magajin gari ne a ƙasar Birazil, mai suna Jaime Lerner, da yadda a shekarar 1972 ya rufe babban titin kasuwancin birnin Kuritiba cikin sa'o'i 72, ya hana motoci bi, ya mayar da shi wurin masu tafiya da ƙafa. Masu kantuna suka yi ca, suka ce za su kai ƙara. Shi kuwa sai ya sa aka fara aikin ranar Juma'a da yamma, bayan alƙalai sun tashi, kafin kotu ta sake zama an riga an shimfiɗa dutse, an jera tukwanen furanni, an kafa fitilu da kujeru. Da injiniyan ya kawo nan sai ya buga cinya ya ce: "Kun gani ko? Gari sai da ƙarfi. Da shawara ya tsaya yi, da har yau suna cikin taro."

Duk fadar ta gyaɗa kai. Ni ban gyaɗa ba, amma ban ce uffan ba, domin mutumin ya girme ni kuma baƙo ne a wurin. Abin da ladabi ya hana ni faɗa a daren nan shi ne zan faɗa a wannan shafi. Ra'ayina shi ne an kama labarin nan ta wutsiya. Abin da Lerner ya bar wa garinsu gado ne na gaske, ba na musu a kai. Amma gadon nan wuri ne da mutum zai tsaya da ƙafafunsa ya yi magana da ɗan'uwansa ba tare da an yi masa oda ba. Su kuwa masu ba mu labarin sun ɗauki sa'o'i 72 sun bar wurin, kuma da wannan rabin darasi ne suke halatta katafilar da ake aiko wa talaka da asuba.

Bari mu fara da garin, tunda yawancin masu ambatonsa ba su san komai game da shi ba sai sunan. Kuritiba ita ce hedikwatar jihar Parana a kudancin Birazil, gari ne na kan tudu, mai sanyi da yawan ruwan sama. A 1940 mutanensa kimanin 140,000 ne; a 1970 sun haura 600,000; ƙidayar 2022 ta same su kusan miliyan 1 da dubu 800. Irin wannan kumbura mun san ta, Yamai ma haka ta yi. A 1943 wani Bafaranshe mai tsara birane, Alfred Agache, ya zana wa garin tsari na manya-manyan tituna masu fita daga tsakiya, irin tunanin wancan zamani da ke ganin gari ya ci gaba ne gwargwadon yadda mota ke gudu a cikinsa. A 1960 aka buɗe Biraziliya, sabon babban birnin ƙasar, wanda aka gina shi dungurungum don mai mota. Saboda haka da cunkoso ya fara damun tsakiyar Kuritiba, maganin da ya fara zuwa zuciyar hukuma shi ne wanda ke zuwa zuciyar kowace hukuma: a faɗaɗa titi, a rushe abin da ya tare hanya, a ɗora gada a sama.

Titin da za a yi wa wannan aiki sunansa Rua XV de Novembro, wato Titin 15 ga Nuwamba, ranar da aka kafa jamhuriya a 1889. Kafin nan an kira shi Titin Sarauniya, kafin nan kuma Titin Furanni, kuma wannan tsohon sunan ne ya fi zama a bakin jama'a. A ƙarshensa na gabas akwai tsohon ginin jami'ar jihar, wadda aka kafa a 1912. A ƙarshensa na yamma, dab da dandalin Osorio, akwai ɗan guntun titi mai gidajen shan gahawa da rumfunan sayar da jarida, wanda ake kira Boca Maldita. Ma'anar sunan ita ce La'anannen Baki. Ya kai mai karatu, in kana neman fassararsa da Hausar Damagaram, kalma ɗaya ta isa: fada. Nan lauyoyi da ƴan jarida da ƴan kasuwa da ƴan fansho da ƴan zaman kashe wando suke haɗuwa kullum, a tsaye, su yi wa gwamna tsirara da baki, su naɗa minista su sauke shi, su ci naman wanda bai zo ba. A ranar 13 ga Disamba 1956 har ƙungiya suka kafa, ta maza zalla, mai taken barkwanci da ke cewa ba su gani, ba su ji, ba su faɗa. Duk wanda ya taɓa zama fada ya san inda wannan take ya dosa.

To, ga abu na farko da masu labarin sa'o'i 72 suke tsallakewa. Lerner bai ƙirƙiri wurin taruwar nan ba. Ya tarar da shi, da mutanensa, da surutunsa, da tarihinsa. An haife shi a garin a 1937, ɗan Yahudawan Polan ne da suka yi hijira, mahaifinsa mai kanti ne, kuma a titunan tsakiyar garin ya tashi. Abin da ya yi shi ne ya hana a kashe wurin. Wannan ya bambanta ƙwarai da aikin mai zuwa da takarda daga ofis ya share inda mutane suka saba zama, ya gina musu wani fili mai tayil da maɓuɓɓugar ruwa a inda ba kowa, sannan ya yi mamakin yadda awaki kaɗai ke zuwa.

Abu na biyu: sa'o'in nan 72 suna da shekaru bakwai a bayansu. Tun a 1964 magajin gari na lokacin, Ivo Arzua, ya buɗe gasar neman sabon tsari. Tawagar da ta ci, wadda masanin gine-gine Jorge Wilheim na Sao Paulo yake cikinta, ta miƙa aikinta a 1965, aka yi ta tattauna shi a zaurukan garin a bainar jama'a, aka kafa cibiyar bincike da tsara birnin, IPPUC, a wannan shekara, aka mayar da tsarin doka a 1966. Keɓe tsakiyar gari ga masu tafiya da ƙafa yana cikin wannan tunani tun kafin Lerner ya hau kujera. Shi kansa a cibiyar ya yi aiki, har ya shugabance ta. Zanen shimfiɗar titin da kujerunsa da fitilunsa kuwa aikin wani abokin aikinsa ne, Abrão Assad. Ashe dai an yi taron da injiniyanmu yake raina wa, an yi shi har an gaji. Wanda ya ga ranar girbi kaɗai shi ke cewa noma ba wuya.

Abu na uku shi ne wanda ya fi muhimmanci, kuma a nan ne nake so mai karatu ya natsu. Gaskiya ne ba zaɓen Lerner aka yi ba. Sojoji sun karɓi mulkin Birazil a 1964, suka riƙe har 1985, kuma tun 1966 suka soke zaɓen magadan garin hedikwatocin jihohi, gwamna ne ke naɗawa. An naɗa Lerner a 1971, yana da shekara 33, a ƙarƙashin jam'iyyar gwamnati, ARENA, a zamanin Janar Médici, wanda shi ne lokacin da aka fi azabtar da ƴan adawa a ƙasar. Masu son mulkin ƙarfi suna jin daɗin wannan, suna cewa: ga shi nan, naɗaɗɗe ne, ba ya tsoron ƙuri'a, shi ya sa ya yi aiki. To, sai su gaya mana, Paulo Maluf fa? Shi ma naɗaɗɗe ne, sojojin nan dai su suka ba shi Sao Paulo a 1969, shi ma injiniya ne, shi ma ba ya tsoron ƙuri'a, shi ma yana da sauri. Da saurinsa ya gina gadar sama mai tsawon kusan kilomita uku da rabi a tsakiyar birnin, aka buɗe ta a Janairun 1971, ya sa mata sunan Janar Costa e Silva. Jama'a suka ƙi sunan, suka kira ta Minhocão, wato Ƙatuwar Tana. Ta bi ta saman tsofaffin tituna, ta murƙushe dandali, ta ratsa ƴan mitoci kaɗan daga tagogin ɗakunan kwanan mutane. Gidajen da ke gefenta suka faɗi daraja, masu hali suka tashi, ƙarƙashinta ya zama duhu da hayaƙi. Tun 1976 aka fara rufe ta da dare don mutane su samu barci. Daga baya aka riƙa rufe ta a ƙarshen mako, jama'a na hawa suna yawo da keke a kanta. Tsarin birnin na 2014 ya tanadi a daina amfani da ita ga motoci sannu a hankali, a 2016 kuma aka cire mata sunan janar ɗin aka sa na João Goulart, shugaban da sojoji suka tumɓuke. Shi kuwa Maluf, kotun ƙolin ƙasar ta same shi da laifin halatta kuɗin haram a 2017, kan kuɗin wani aikin titi na wa'adinsa na biyu.

Mulki ɗaya, zamani ɗaya, hanyar naɗi ɗaya, ƙarfi ɗaya. Ɗaya ya bar wa garinsa wurin da ake alfahari da shi, ɗaya ya bar wa nasa ciwon da aka fi shekara hamsin ana neman maganinsa. In da ƙarfi ne sirrin, da sakamakon ya zo ɗaya. A Riyo ma haka: gadar sama ta Perimetral da ta raba tsohon garin da bakin teku, sai da aka kashe maƙudan kuɗi tsakanin 2013 da 2014 aka rushe ta, kafin dandalin Mauá ya sake ganin rana. Kuɗi biyu ke nan, na ginawa da na rushewa. Ƙarfi ba ya zaɓar abin da zai yi. Mai riƙe da shi ne ke zaɓa, kuma in ba wanda zai iya ce masa tsaya, to sa'a ce kawai ke raba gari da bala'i. Kuritiba ta yi sa'a. Ba a gina siyasar birni a kan sa'a.

A lura kuma da wanda aka yi wa ƙarfin. A watan Mayun 1972 ba mai tuyar ƙosai aka kora daga Titin Furanni ba, ba mai facin taya ba, ba mai shayi ba. Mota aka kora. A Birazil ta wancan lokaci mai mota shi ne mai kuɗi, mai murya, mai sanin gidan gwamna. Masu kantunan da suka yi barazanar zuwa kotu su ne manyan ƴan kasuwar gari. Bayan ƴan kwanaki, kamar yadda Lerner ya sha bayarwa, wasu masu motoci suka shirya su kutsa titin cikin jerin gwano don su nuna ba su yarda ba. Bai aika ƴan sanda ba. Ma'aikatan gari suka shimfiɗa dogayen takardu a ƙasa, aka kawo yara da fenti, da masu motocin suka iso suka tarar da yara zaune suna zane, suka juya. Zanen yara na ranar Asabar ya zama al'adar titin shekaru da yawa. Dole in faɗa cewa mafi yawan wannan labari daga bakin Lerner kansa ya fito, kuma mutum ne da ya iya gyara labari kamar yadda ya iya gyara titi. Maroƙin kansa ne, kuma gwani. Amma ko an rage gishirin, abin da ya saura a fili yake: hukuma ta tsaya wa mai ƙafa a kan mai taya. Da ciniki ya ƙaru, masu kantunan da suka yi adawa su ne suka dawo suna roƙo a tsawaita wurin. A 1973 aka kawo tsohon taragon jirgin cikin gari aka ajiye a tsakiyar titin, iyaye na barin yara a ciki su je sayayya. A 1974 jihar Parana ta sa titin cikin kayan tarihin da doka ta hana a taɓa. Wannan mataki na ƙarshe, wanda ba ya cikin labarin da ake ba mu a fada domin ba shi da armashi, shi ne ya ɗaure hannun duk magajin garin da zai zo daga baya.

Sannan sai tarihi ya yi abin da ya saba. A ranar 12 ga Janairu 1984, a Boca Maldita, a kan dutsen nan da naɗaɗɗen sojoji ya shimfiɗa, mutane kimanin 50,000 suka taru suna neman a mayar wa jama'a haƙƙin zaɓen shugaban ƙasa kai tsaye. Yana cikin manyan gangamin farko na yunƙurin da ake kira Diretas Já. Ulysses Guimarães yana wurin, Tancredo Neves yana wurin, da gwamnan jihar José Richa. Daga nan abin ya bazu zuwa Sao Paulo da Riyo, inda aka tara ɗaruruwan dubbai. Gyaran tsarin mulkin da suke nema ya faɗi a majalisa ranar 25 ga Afrilu, ya samu ƙuri'a 298 alhali 320 ake bukata, amma mulkin soja bai sake miƙewa ba. A 1985 ya kau. Ban ce Lerner ya shirya wannan ba, a lokacin ma ba shi ne magajin gari ba. Abin da nake cewa shi ne, da an bi shawarar masu gadar sama, da ranar nan ba inda mutanen za su tsaya. Wurin taruwa ba ya tambayar wanda ya gyara shi me za a faɗa a cikinsa. Shi ya sa masu mulki da yawa, na soja da na farar hula, suka fi son shataletale da dandali: shataletale ana kewaya shi ne a wuce.

Wani abin dariya kuma, wanda ya kamata masu cewa ƙuri'a ce ke hana aiki su ji: da aka dawo da zaɓen magajin gari a 1985, Lerner ya tsaya, mutanen Kuritiba suka kayar da shi, suka zaɓi Roberto Requião. Sai a 1988 ya ci. Kuma a wannan wa'adi na uku, na zaɓe, daga 1989 zuwa 1992, aka yi da yawa daga abubuwan da duniya ta san garin da su: tashoshin bas masu siffar bututun gilashi, shirin raba shara, musayar shara da kayan abinci a unguwannin talakawa, lambun tsirrai. Ƙuri'a ba ta rage masa sauri ba.

Ba na so a ɗauka waliyyi nake gabatarwa. Ƴan Birazil da kansu sun daɗe suna tuhumar hoton da ake sayar wa duniya. Masanin tarihi Dennison de Oliveira ya fitar da littafi a 2000 kan abin da ya kira tatsuniyar birni abin koyi. Tsadar ƙasa a cikin garin ta tura talakawa da yawa zuwa garuruwan kewaye, inda baƙi masu ɗaukar hoto ba su zuwa. Garin da ake yabo da bas yana cikin hedikwatocin Birazil da suka fi yawan motoci in aka kwatanta da yawan jama'a. Mutumin da ya kori mota daga titi ɗaya, da ya zama gwamnan Parana daga 1995 zuwa 2002, shi ne ya jawo kamfanin Renault ya kafa masana'anta a bakin garin. Akwai kuma abin da ya fi wannan nauyi. A ranar 2 ga Mayu 2000, yana gwamna, manoma marasa gona suka taso cikin motocin bas da yawa za su Kuritiba yin zanga-zangar neman a raba ƙasa. Ƴan sandan jihar suka tare su a kan hanya kafin su shiga gari. Aka harbi ɗaya daga cikinsu, Antônio Tavares Pereira, ya mutu, aka raunata mutane da yawa. Shekaru fiye da ashirin bayan haka kotun kare haƙƙin ɗan Adam ta nahiyar Amurka ta ɗora wa ƙasar Birazil alhakin abin. Titin Furanni yana nan a buɗe ranar, da furanninsa da kujerunsa, amma waɗanda suka fi kowa bukatar a ji muryarsu ba a bar su sun iso ba. Lerner ya rasu ranar 27 ga Mayu 2021. Duk wanda zai auna shi da adalci sai ya ɗora ranar nan ta 2000 a kan sikeli tare da ta 1972.

Me ya kawo wannan dogon zance cikin mujallar da ake karantawa a Tawa da Damagaram? Dalili shi ne mu ba baƙin wurin taruwa ba ne, kuma muna cikin rasa namu. Garin Hausa tun asali da dandali ake kafa shi: fili a ƙofar fada, masallaci a gefe, hanya ta miƙe zuwa kasuwa. Nan ake hawan salla, nan ake shelar sarki, nan ƴan mata ke waƙa da dare in wata ya yi haske, nan mai ƙara ke zama har a gan shi. Wanda ya taɓa tsayawa ƙofar fadar Sarkin Damagaram a Birni ranar salla ya san cewa filin nan ba rarar ƙasa ba ce da aka manta ba a gina ba; shi ne ɗakin taron gari. Kowace tsohuwar unguwa tana da ƙaramin nata. Kakanninmu ba su karanta Agache ba, amma sun san gari yana bukatar inda ba na kowa ba don ya zama na kowa. Fadojin samari da suka yaɗu tun shekarun 1990, lokacin da baki ya buɗe bayan Taron Ƙasa na 1991, ba komai suke nema ba illa wannan: tabarma, gawayi, inuwa, da wurin da ba za a ce musu ku tashi ba.

Mu kuwa me muka auna ci gaba da shi? Yamai ta samu gadar sama ta Mali Bero a 2013, ta shataletalen Shahidai a 2016, ta Diori Hamani a 2018. Bukukuwan 18 ga Disamba sun zaga jihohi, Maraɗi Kwalliya a 2015, Tawa Sakola a 2017, Zinder Sabuwa a 2018, an samu kwalta da fitilu da dandamalin faretin sojoji, ba na raina su. A 2016 kuma, ana shirin karɓar taron ƙolin Tarayyar Afirka na 2019, katafila ta bi titunan Yamai ta kwashe rumfuna da shaguna masu yawan gaske. Wannan ma cikin sauri aka yi shi, sauri irin wanda injiniyanmu yake so. Amma a dubi wanda ya tashi da wanda ya zauna. A Kuritiba mota ta tashi, mutum ya zauna. A nan mai tebur ya tashi don mota ta wuce, don baƙon kwana uku ya ga gari fes. Wanda ya kira waɗannan abubuwa biyu da suna ɗaya, ko dai bai fahimci labarin da yake bayarwa ba, ko kuwa ya fahimta sarai.

Kada a ce magajin gari ba shi da hannu a batun taruwar jama'a. A dokarmu ta 2004 kan zanga-zanga, wurinsa ake kai sanarwa, kuma daga ofishinsa takardar hani take fitowa. An gani a 2018, lokacin jayayya kan dokar kasafin kuɗi, yadda hukumar birnin Yamai ta riƙa hana ƙungiyoyin farar hula fitowa, har aka kama shugabanninsu a watan Maris. Mabuɗin dandali yana aljihun magajin gari ta fuska biyu: shi ke iya yanka filin ya sayar, shi ke iya hana a taru a cikinsa. A watan Afrilun 2024 aka rushe zaɓaɓɓun majalisun birane da na gundumomi, aka naɗa kantomomi. A watan Oktoban 2024 aka sauya sunayen wasu tituna da dandali a Yamai, titin De Gaulle ya koma na Djibo Bakary. Ni ban yi kukan De Gaulle ba. Amma Titin Furanni ya sauya suna har sau biyu, na sarauniya ya tafi, na jamhuriya ya zo, kuma ba allon sunan ne ya sa mutanen 1984 suka samu wurin tsayawa ba.

Saboda haka ga abin da nake nema daga duk wanda ke riƙe da gari a ƙasar nan, zaɓaɓɓe ne ko naɗaɗɗe, in har da gaske Kuritiba yake son kwaikwaya. Ba ya bukatar tallafin ƙetare, ba ya bukatar siminti. Ya aika ma'aikatansa unguwa-unguwa, tare da masu unguwanni da dattawa da shugabannin fadoji da matan da ke sana'a a bakin hanya, su rubuta duk filin da jama'a ke taruwa: ƙofar fada, filin idi, filin ƙwallon yara, gindin bishiyar da ake zaman makoki, inda ake kokowa bayan girbi. A auna su, a sa su cikin dukiyar jama'a da ba a sayarwa, a liƙa jerin a ƙofar ofishin magajin gari, a karanta shi a rediyo da Hausa da Zabarmanci da sauran harsunanmu, yadda duk ranar da wani ya zo da takardar mallaka yaran unguwa ma za su san ƙarya yake. Abin da jihar Parana ta yi ke nan a 1974, kuma shi ya rayu bayan Lerner. Na san abin da ya sa ba a son yin haka. Sayar da filaye yana cikin manyan hanyoyin samun kuɗin hukumomin biranenmu, har gwamnati ta taɓa biyan bashin albashin ma'aikata da filaye. Fili a tsakiyar gari nama ne a bakin kura, kuma kantoman da zai rubuta shi da sunan jama'a ya san abincin wa ya zubar.

Na koma fadar nan ta Maraɗi bayan ƴan makonni. Injiniyan bai zo ba, an ce ya tafi wani taro. Wurin da suke zama wani ɗan fili ne a bakin hanya, ƙarƙashin dogon yaro guda biyu, inda samarin unguwar suka fi shekara goma sha biyar suna dafa shayi, tsofaffi kuma suna sallar magariba. Da na zauna sai na ga turakun siminti huɗu sababbi, na masu awon filaye, ɗaya daga cikinsu dab da ƙafar bencin da baƙon namu ya zauna yana ba mu labarin Birazil. Na tambayi mai dafa shayin ko wa ya saya. Ya ce ba su sani ba, da safe suka tashi suka gan su, an dai ce musu su nemi wani wuri kafin damina.